Tsadar mota ta mayar da ma'aikata kanikawa: Ina ribar, ina hasarar?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sannan aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan da ya biyo baya, lissafin mallakar mota ya sauya a Najeriya. Dalar da ake samu a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma kuɗin fito na kwastam yana bin Dala ne sawu da ƙafa. Dama tun farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya rage zirga-zirgar 'yan Kwatano. Sakamakon haka ma'aikacin da a da yake sauya mota bayan 'yan shekaru, yanzu tsohuwar da ke ƙofar gida ita ce jarinsa.

Wannan ne ya sa ake ƙara ganin masu motoci a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Apo ta Abuja suna cinikin kayan gyara da kansu, ran Asabar kuma su buɗe bonet a tsakar gida, waya a hannu suna bin bidiyon YouTube. Akwai hikima a ciki. Juyen baƙin mai, sauya filogi da matacin iska, wanke kan batir, duk ayyuka ne da mai natsuwa zai iya, kuma wanda ya san cikin motarsa da wuya a sayar masa da gyaran da ba ya bukata. Wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙasan sitiyari tana karanto ciwon mota zuwa wayar hannu, domin tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wannan mahaɗi a motocin da ake sayarwa can, kuma daga can yawancin Camry da Accord na titunanmu suka fito.

Sai dai motar da ake lallaɓawa a yau ba Fijo 504 ba ce, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Waccan kafireto gare ta da wayoyi 'yan kaɗan, mai sukuddireba da haƙuri zai tashe ta a bakin hanya. Corolla ta shekarun 2000 kuwa tana da ƙwaƙwalwa mai auna iska da zafi da mai, kuma a nan ne tsimi kan rikiɗe ya zama asara.

Mafi haɗari shi ne wayarin. Mutane kan raina batirin mota don ƙarfinsa bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum. Amma idan waya ta goge ta taɓa ƙarfen jiki, wutar da za ta bi ta ciki ta isa ta narkar da robarta cikin daƙiƙoƙi, ga kuma bututun mai a kusa. Fis ne aka sa ya mutu a madadin motar. Shi ya sa launinsa ke da ma'ana: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya cusa mafi girma, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa, bai gyara komai ba, ya dai sallami maigadi ne ya bar ɓarawo a gida. Haka nan murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya jure zafin inji da girgizar hanya. Cire kan batir na nagetif kafin a taɓa kowace waya, da nisantar wayoyi masu rawayar riga na jakar iska, ƙa'idoji ne da ba su cin ko kwabo.

Akwai kuma wata al'ada da ta daɗe a garejojinmu, wadda masu gyaran gida suka gada ba tare da tambaya ba: cire tamostat da jona fankar lagireto kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba, ƙwaƙwalwarsa na ci gaba da ɗura masa mai kamar yanzu aka tashe shi da asuba. A lokacin da lita take ƙasa da Naira 200 ba a ji a jika ba. Bayan ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, wannan dabara ta zama harajin da mutum ya ɗora wa kansa a kowane gidan mai.

Fenti ba ya ƙona mota, amma yana cin kuɗi sau biyu. Motocin da suka yi rayuwa a jihohin Amurka da Kanada masu dusar ƙanƙara sun sha gishirin da ake zubawa a titi, tsatsa ta ci su ta ƙasa. Shafa fila a kan tsatsa ba tare da an kankare ta har ƙarfe ba, damina ɗaya ta isa ta kumburo da shi. Fesawa a fili lokacin hunturu kuwa gayyatar ƙura ce. Sannan fentin zamani mai haɗin sinadari biyu yana illa ga huhu, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne takarda. Launin mota da lambar injinta suna rubuce a cikin takardun rajista. Wanda ya mayar da farar mota baƙa, ko ya sayo injin gwanjo daga Ladipo ya ɗora, bai koma ofishin lasisi an sabunta bayanan ba, zai yi doguwar magana a shingen 'yan sanda ko na VIO, kuma ranar da ya tashi sayarwa dillali zai rage masa farashi a kan wannan saɓanin.