Ganye Ba Takarda, Gyara Ba Bayani

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin ajiyar busassun tsirrai ya san doka ta farko da muke koya masa: ganyen da aka tsinko ba a rubuta inda aka same shi da ranar da aka tsinke shi ba, shara ne, komai kyansa. Wannan doka ce ta faɗo mini a rai da na duba yadda masu rubuta Linux ke aiki, wato babbar manhajar nan mai sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a birnin Helsinki a 1991, wadda a kanta aka gina Android.

Dubban mutane ke sa mata hannu, kuma tun 2005 kowane gyara yana shiga rumbun Git ne tare da rubutaccen bayani. A 2021 yawan gyare-gyaren ya haura miliyan 1. To, yaya tsawon bayanin ya kamata ya kasance? Wasu na ganin layi guda ya isa, wai mai son sani ya karanta umarnin da kansa. Ni kam ban yarda ba. Umarni yana nuna abin da aka yi ne kawai, ba ya faɗin dalili, balle abin da aka jarraba ya ƙi.

Mai karatu ya dubi abin da ya faru a watan Oktoba na 2016, lokacin da aka toshe wata kafa mai laƙabin Dirty COW, wadda ke ba mutumin da ba shi da izini damar ƙwace cikakken ikon kwamfuta. Gyaran layuka kaɗan ne, amma bayaninsa ya kai sakin layi da dama. A ciki Torvalds ya amsa cewa tsohuwar cuta ce, shi da kansa ya yi ƙoƙarin magance ta shekara 11 kafin nan bai yi da kyau ba, aka kuma warware gyaran saboda ya jawo matsala a kwamfutocin s390 na kamfanin IBM. Ya kawo lambobin tsofaffin gyare-gyaren, ya nuna cewa wancan cikas ya kau tun fitowa ta 3.9, sannan ya ja kunnen masu riƙe da fitowar da ta girme ta cewa tasu hanyar daban ce. Ba don wannan ba, wani zai kwafi maganin ya ɗura wa majinyacin da bai dace da shi ba.

Saboda haka a ganina ba girman gyara ne ma'aunin tsawon bayani ba, ɓoyuwar dalilinsa ce. Sauya suna a wuri dubu jimla ɗaya ta ishe shi. Surutu ma illa ne, shi ya sa ƙa'idar Linux ta taƙaita kan magana ga haruffa 70 zuwa 75, ta tura zancen wucin gadi ƙarƙashin wani layi inda ba ya shiga tarihi.

Sai dai ko wancan bayanin ina da ƙorafi a kansa. Ƙa'idarsu ta ce a faɗi yadda matsala ke shafar mai amfani, shi kuwa bai fito fili ya ce ƙofar ɓarayi ce ba. Ana iya cewa gudun farkar da ɓarawo ne, amma ɓarayin sun riga sun san hanya, don daga harin da aka kai ne aka gano kafar. Masu gadin ne aka bari a duhu.