Kafin a sauya wa makaho waya, a tambaye shi

A shagunan waya na Haɗeja, ciniki yakan ƙare da zarar an yage leda, an sa layi, allo ya kawo haske. Ga mai gani hakan ya wadatar, domin ko an sauya wa komai mazauni, idonsa zai lalubo shi kafin ya isa gida. Makaho kuwa a daidai nan wahalarsa take farawa. Tsohuwar wayarsa ya haddace ta ne da yatsa: ɗan tudun nan da ke kan lamba 5 shi ne alƙiblarsa, ya san sau nawa zai danna ƙasa ya kai ga sunan ɗansa, ya san jerin lambobin da zai bi ya duba kuɗin asusunsa. Ranar da aka miƙa masa babbar waya mai santsin fuska, ko aka wayi gari manhajar da ya saba da ita ta sabunta kanta cikin dare, duk wannan hadda ta tashi a banza. Ra'ayina shi ne, ba a gama sayar wa makaho waya ba, ba a kuma gama sabunta masa manhaja ba, sai ya iya yin abin da yake yi jiya da hannunsa ba tare da ya kira wani ba. Alhakin hakan yana wuyan mai sayarwa da banki da hukuma.

Ba wai fasahar ce babu ba. Tun 2009 kamfanin Apple ya sa VoiceOver a wayar iPhone 3GS, a shekarar kuma Google ya fito da TalkBack a Android. Aikinsu ɗaya: mutum ya ɗora yatsa a allo, waya ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe, ya ja da yatsu biyu ko uku shafi ya motsa. Wanda ya ƙware yana karanta saƙo da saurin da mai gani ba ya ma iya tsinkayar abin da muryar ke faɗa. Matsalar ita ce ƙasar da ake takawa ba ta zama wuri ɗaya. A 2017 iPhone X ta zo babu maɓallin komawa gida da yatsa ke ji. A 2019 Android 10 ta kawo tsarin shafa gefen allo a maimakon alamomi ukun nan na ƙasa. A 2021 aka sake fasalin TalkBack kanta, aka haɗe jerin umarninta, aka ƙaro motsin yatsu uku, Samsung kuma ya ajiye tasa manhajar karatun ya koma kanta. Da yawa daga cikin sauye-sauyen nan gyara ne na gaske, ban musa ba. Sai dai kowannensu karatu ne sabo, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin koyar da shi a Guri ko Birniwa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a kan haka. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ke janyewa ya bar gari da hanyoyin da ba su ba ne: inda ake bi ya zama kwari, inda gada take ya zama rami. Mai ido ya kewaye, mai sanda sai ya sake koyon garinsu daga farko. Haka sabuntawa take yi wa wayar makaho, bambancin kawai ita mutane ne suke tsara ta, suna kuma da ikon yin gargaɗi.

Kada a ɗauka maganar mutum biyu ko uku ake yi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya fiye da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, hawan jinin ido na biye da ita, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Ma'anar wannan ita ce da yawansu da girmansu suka rasa gani. Manoman shinkafa ne, masunta ne, 'yan kasuwar kifi ne, malaman allo ne, masu iyali da bashi da adashi. Ba su taɓa zama a makarantar makafi ba balle su iya rubutun Braille, don haka kunne da waya su ne karatunsu da rubutunsu. A ƙasar da sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa ke iya zama zancen rai da mutuwa a Auyo da Kirikasamma, mutumin da ba ya iya buɗe saƙon da ya shigo wayarsa shi ne na ƙarshen jin labari, kuma shi ne ya fi kowa bukatar lokacin shiri.

Za a ce, to ya zauna da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai mana, wa ya tilasta masa? Zamani ne ya tilasta masa. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, alhali saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙar makaho, da shi yake jin karatu, da shi yake zumunci. A farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace a hannun jama'a, ko mai sayar da kayan miya sai da ya koma karɓar tiransifa. Batir yana mutuwa, allo yana fashewa, manhajar banki takan ƙi buɗewa sai an sabunta ta. Sauya waya ya zama dole irin ta sauya takalmin yaro, kuma ba adalci ba ne a ce wa mutum ya tsaya a inda kowa ya riga ya tashi.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin tana da tushe a al'adarmu. Ana cewa makahon Bahaushe ba shi kaɗai yake rayuwa ba, yana da ɗan jagora, yana da jikoki, wani zai danna masa. Gaskiya ne, kuma wannan zumunci abin alfahari ne. Amma a duba abin da ake dannawar. Lambar sirrin asusu ce, saƙon matarsa ne, sakamakon asibiti ne, adadin abin da ya rage masa ne. Wanene a cikinmu zai yarda ya tsaya gaban mai POS a tsakiyar kasuwa ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi? Makafi da yawa haka suke yi, saboda na'urorin da suka cika gari yanzu fuskarsu gilashi ce babu madanni, wasu manhajojin banki kuma maɓallansu ba su da suna, muryar waya sai dai ta ce "maɓalli" ta yi shiru. Wasu sukan nemi mutum ya saita fuskarsa cikin da'ira, ya ƙifta ido, ba tare da wata murya da za ta ce masa ya matsa hagu ko dama ba. Ɗan jagora na amana ma ba kullum yake nan ba, kuma yaron da aka tsare a gida don ya riƙa danna wa kakansa waya, yaro ne da aka hana aji. Taimakon dangi ya kamata ya zama zaɓi, mutum ya nema idan ya so.

Sai maganar harshe, wadda a ganina ita ce babban giɓi. Wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka fi yawa a kasuwanninmu sun daɗe suna iya nuna rubutun Hausa a allo, kuma a 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da mutum zai yi magana waya ta rubuta. Amma muryar da waya ke zuwa da ita daga kwali ta Turanci ce. Idan ta ci karo da saƙon Hausa sai ta tauna shi da lafazin Ingilishi, ƙ da ɗ da ɓ su rikice, har mai saƙon ma ba zai gane nasa ba. Rubutun Hausa a allo bai amfani wanda ba ya ganin allon ba. Harshen da gidajen rediyon duniya suka shafe shekaru fiye da sittin suna watsa labarai da shi bai rasa muryoyin da za a horar da na'ura da su ba. Abin da ya rasa shi ne mai matsa lamba.

Akwai masu cewa duk wannan zancen masu ƙoshi ne, naƙasasshe abinci yake nema. Jigawa ta riga ta gwada wannan hanyar, domin a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu bukata ta musamman naira 7,000 a wata, kuma abin yabo ne. Amma tallafi irin wannan a yau ta asusun banki yake bi, asusun kuma a waya yake. Wanda ba ya sarrafa wayarsa, ba shi ke sarrafa tallafinsa ba.

Kamfanonin da ke ƙera manhajar suna Amurka da Sin, ba za su ji kukan Haɗeja ba, in ji wasu. Suna jin doka. Tun 28 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera wayoyi da bankuna su sa kayansu su yi wa naƙasassu aiki. Mu ma muna da dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar da aka kafa dominta a 2020. Babban Bankin Najeriya yana iya sharɗanta cewa kada banki ya saki sabuwar manhaja sai makafi sun gwada ta. Hukumar NITDA, wadda aka naɗa ɗan Haɗeja Kashifu Inuwa Abdullahi ya shugabance ta a 2019, ita ce ta fi cancanta ta ɗauki nauyin muryar Hausa ta kyauta. Mafi sauƙi kuma yana hannun masu shago: danne maɓallan ƙara biyu na ɗan lokaci yana kunna TalkBack a yawancin wayoyin Android, ana iya dawo da alamomi ukun nan na ƙasa, ana iya kashe sabuntawar da manhajoji ke yi da kansu, ana iya ɗora buɗe waya a kan zanen yatsa. Aikin rabin sa'a ne. Ƙungiyar masu sayar da waya da gyaranta ta zauna da Sarkin Makafi da Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, a horar da mutum ɗaya a kowane layin shaguna, kuma makafin da suka ƙware su ne za su koyar, a biya su ladan aikinsu.