Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Abuja: Fasinjojin Jirgin Ƙasa Suna Nyanya Da Mararaba

Mai girma Minista, Barista Nyesom Wike,

Na rubuto ne kan jirgin ƙasan cikin garin Abuja, wanda ka tsaya kai da fata aka farfaɗo da shi. Tun 2007 aka bai wa kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar, amma sai a watan Yulin 2018 marigayi Shugaba Buhari ya buɗe layin. Da korona ta zo a 2020 aka jingine shi, ya yi shekara huɗu a zaune, har ranar 29 ga Mayun 2024 da Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka ce kowa ya hau kyauta zuwa ƙarshen shekarar. Kun kuma shimfiɗa hanyoyin mota zuwa tashoshin, abin da aka yi sakaci da shi tun farko. Wannan yabo naka ne, ba mai ƙwace maka shi.

To amma a dubi inda layin ya bi. Kusan kilomita 45 ne, da tashoshi 12. Reshe ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya ratsa Kukwaba da Wupa da Idu ya nufi filin jirgin sama. Ɗayan ya tashi daga Idu ya bi Gwagwa da Dei-Dei da Kagini ya tsaya a Gbazango ta Kubwa. Mai zuwa kama jirgin sama ya samu sauƙi, haka ma wanda zai sauya zuwa jirgin Kaduna a Idu. Sai dai waɗannan ba su ne ke cika titi kullum da asuba ba.

Masu cika titin suna gabas. Nyanya, Karu, Mararaba, Ado, Masaka, can ne tsadar haya ta kora masinjan ma'aikata da mai gadi da malamar makaranta da ɗan tireda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Nyanya da sassafe ya san yadda motoci ke jan ciki daga nan har hawan Kugbo zuwa shataletalen AYA. Tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba sai ta ci awa biyu. A motar haya ana cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, mai ciki da tsoho duk ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe albashi kafin wata ya raba, har wasu ma'aikata sun koma zuwa ofis jefi-jefi. Ga 'yan fashin wan-cans da ke farautar wanda dare ya yi wa a bakin titi. An kashe sama da dala miliyan 800 kan layin jirgin, miliyan 500 a ciki bashi ne daga Sin da su ma waɗannan mutane za su biya, amma an haƙa rijiyar nesa da masu ƙishi.

Abin takaicin, ba sabon tunani nake kawo maka ba. A taswirar aikin ta asali akwai kashi na biyu da zai tashi daga Gwagwa ya ratsa tsakiyar birni ya kai Nyanya da Karu. Yana nan a takarda. A fito da shi, a sa masa kuɗi a kasafi. Na san za a ce Mararaba da Masaka ƙasar Nasarawa ce. Gaskiya ne, amma gumin mutanensu a Abuja yake zuba, don haka sai ku zauna da gwamnatin jihar a tsara layin ya tsallaka iyaka tun daga zane. Tashar motar da kuka gina a Kugbo ta yi kyau, sai dai bas ma a cikin cunkoson nan zai tsaya.

Kafin nan, layin da ke ƙasa yana buƙatar gyaran tsari. Ma'aikacin Kubwa ba zai bar motar haya ba muddin bai tabbata cewa in jirgi ya wuce shi wani na tafe nan kusa ba. A ƙara yawan tashi da safe da yamma, a ajiye bas a bakin tashar tsakiyar birni mai kai mutane Sakatariya da Wuse da Garki, a kuma yi wa 'yan kasuwar Dei-Dei tanadin wurin ɗan kaya. Sannan a riƙa wallafa adadin masu hawa a kowace tasha duk wata, a tura ma'aikata su ƙirga masu tsallako gadar Nyanya a rana guda, a ajiye alƙaluman biyu a gabanka kafin a sa hannu kan kwangila ta gaba.



Naka,
Wani mazaunin Mararaba