Madubin da ke kallon ƙasa

1/ Ku tsaya a bakin titin Gwarzo, ko'ina tsakanin Rimin Gado da Gwarzo, ku ƙirga motocin haya da baburan da madubinsu ke kallon hanya da gaske. Wani ya sunkuya yana kallon kwalta, wani an ɗaure shi da roba, wani babu shi ma sam. Haba jama'a.

2/ Abin haushin, gyaran bai kai ya kawo ba. A bayan madubin babur, da na tsofaffin motoci da yawa, akwai ɗan dunƙule kamar ƙwallo da ke zaune cikin gurbi. Shi ke sa madubi ya juya. Girgizar hanya ce ke cinye gurbin, sai ya saki.

3/ Idan mai kusa ne, sukundireba kawai: ka ɗan ƙara ɗaure kusoshin da suka matse ƙwallon. Idan ya riga ya ci, yanko ɗan guntun tsohon tub, ka naɗe ƙwallon da shi, ka mayar. Idan sandar ce ke lilo, notin gindinta ne, sifana ya isa. Minti goma bai cika ba.

4/ Amma don Allah a daina zuba sufa gulu a wurin. Eh, zai tsaya cak, amma a inda ya ga dama. Gobe wani dogo ya hau babur ɗin, ba halin juyawa. Ka kashe madubin kenan da hannunka.

5/ Sai 'yan uwana samari masu cire madubi tun ranar da aka sayo babur, wai na tsofaffi ne, wai yana ɓata gayu. Gayun me? Tun 2013 da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, a ƙananan hukumomi irin Kabo da Gwarzo ne babur ke ɗaukar mutane: mai ciki zuwa asibiti, yara zuwa makaranta, tsoho da buhunsa zuwa kasuwar Getso.

6/ Za ka ce ai kana waiwayawa. To lokacin da ka juya wuya, wa ke kallon gabanka? Ga rami, ga akuya, ga Sharon ta taho a guje daga Dayi. Ita kuwa baiwar Allah da ka goya ba ta ma san ba ka ganin tirelar da ke bayanku ba.

7/ Kuma kar a ce talauci ne. Mai kuɗin sitika da hon mai kiɗa da fitila kala-kala bai rasa kuɗin noti ba. Ko madubin ne ya fashe gaba ɗaya, Ƙofar Ruwa cike take da su.

8/ Shugabannin tasha, wannan naku ne tun kafin KAROTA ko 'yan Road Safety. Kuna karɓar kuɗin lodi kullum. Mota ta shigo layi da madubi yana reto, ku ce ba lodi sai an ɗaure. Bakanike yana nan gefen tasha.

9/ Mu ma fasinja, kafin ka hau, taɓa madubin da yatsa. Idan ya faɗo, ka jira na baya.