SHARHI: Aiki daga gida da jarrabawar da yake yi wa shugabanni a ma'aikatun gwamnati

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kunno kai, Ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin Dokta Folasade Yemi-Esan ya umarci ma'aikata daga matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su riƙa aiki daga gida. An yi ta sassauta umarnin ana sake tsaurara shi, har zuwa 1 ga Disamba 2021 da aka ce kowa ya koma ofis. A tsakanin wannan lokaci ne, cikin Mayun 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta intanet.

Annobar ta wuce, amma tsarin bai tafi tare da ita ba. Jihar Kaduna ta koma zuwa ofis kwana huɗu a mako tun Disambar 2021. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, jihohin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis saboda tsadar sufuri, sannan Legas ta bi sahu a Fabrairun 2024. A Abuja ma, ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba, Suleja ko Gwagwalada ya san abin da kuɗin mota ke ci daga albashinsa. Ga kuma ƙoƙarin da Didi Esther Walson-Jack ta yi, a matsayinta na Shugabar Ma'aikata, na raba ma'aikatu da fayil ɗin takarda. Duk ranar da fayil ya koma cikin kwamfuta, babban dalilin da ke ɗaure mutum a teburinsa ya ragu.

Muhawarar da ake yi a kan wannan sauyi ta fi karkata ga kayan aiki: kwamfuta, data, wutar lantarki da ƙarfin sabis. Waɗannan duka buƙatu ne na gaskiya. Sai dai akwai wanda ba a saye da kuɗin kasafi, shi ne iya tafiyar da mutane.

Tsohon tsarin aikin gwamnati ya ginu ne a kan ido. Darakta na ganin wanda ya sa hannu a rajista da safe, yana ganin fayil a kan tebur, yana kiran mutum ofishinsa ya yi masa faɗa ko ya yaba masa. Shugaban da bai iya bayani ba, tsarin na rufa masa asiri, domin na ƙasa zai iya komawa ya sake tambaya, ko ya karanci fuskarsa ya gane nufinsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, a saƙon WhatsApp babu fuska.

A nan ne fayyace umarni ke zama sharaɗi na farko. "A duba a kawo shawara" na iya wadatarwa idan ofisoshi biyu na maƙwabtaka. Idan kuwa jami'in yana Kubwa, shugabansa yana wani taro a Legas, dole umarni ya faɗi abin da ake so, da ranar da ake so, da wanda zai karɓa. Rashin haka kan jawo a yi aiki sau biyu, daga baya kuma a ɗora laifi a kan ƙaramin ma'aikaci, a ba shi takardar tuhuma kan abin da ba a taɓa fayyace masa ba.

Na biyu shi ne lafazi. Tsawar da aka yi a cikin ofis takan ƙare a cikin bango huɗu. Wadda aka rubuta a dandalin sashe, mutum talatin ko arba'in sun karanta, tana nan ajiye, kuma ana iya tura ta ko'ina. Shugaban da ya san darajar mutane kan yi yabo a fili, gyara kuwa ya ɗaga waya ya kira mutum shi kaɗai. Haka nan batun lokaci. Saƙon aiki da ƙarfe 11 na dare, ko ana tsakar hutun mako, na nuna wa ma'aikaci cewa gidansa ya zama reshen ofis, alhali ba a ƙara masa ko kwabo ba.

Na uku shi ne sauraro. A taron Zoom, manya ne ke magana, ƙanana kuwa sukan kashe makirfo su yi shiru, wasu don ladabi, wasu don data na ƙarewa. Shirun nan ba amincewa ba ne. Mai jagorantar taro na gari yakan kira suna ya nemi ra'ayi, ya taƙaita zama, ya kuma aika da abin da aka yanke a rubuce domin wanda sabis ya yanke masa. Idan jami'i ya ɓace daga taro, a fara da tambayar dalili kafin hukunci. Sau da yawa dalilin ɗauke wuta ne, ba raini ba.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne adalci wajen auna ƙwazo. Gwamnatin Tarayya na maye gurbin tsohon fom ɗin APER da sabon tsarin PMS, wanda ke auna ma'aikaci da aikin da aka amince zai kammala. A takarda, wannan ya dace da aiki daga nesa. Amma ɗan Adam ne ke ba da maki, kuma ɗan Adam ya fi tuna wanda yake gani kullum. Mai gida kusa da Sakatariyar Tarayya, wanda ke leƙa ofishin darakta yana gaisuwa, na iya samun kwas da tafiya da yabo, yayin da mai shayarwa ko mai zama a Masaka, da ya gama aikinsa a kan lokaci, ya zama an manta da shi. Idan hakan ya shiga makin ƙarin girma, nisan gida ya koma laifi ke nan.

Masu adawa da aiki daga gida na da hujja. An sha ganin ma'aikatan da suka mai da ranar aikin gida ranar kasuwa, kuma matsalar ma'aikatan bogi ta sa gwamnati ba ta sakin jiki da abin da ba ta gani. Akwai kuma ayyuka, kamar na asibiti da na tsaro, da ba sa yiwuwa daga nesa. Sai dai rajista ba ta taɓa hana zaman kashe wando a ofis ba. Amana ba sakaci ba ce: a yanka wa mutum aiki, a sa masa wa'adi, a ba shi abin da yake buƙata, sannan a tambaye shi sakamako.

Cibiyoyin horar da ma'aikata, irin su ASCON da ke Badagry da PSIN da ke kan hanyar Kubwa, na da gurbin cikewa a nan. Jarrabawar ƙarin girma na gwada sanin dokokin aiki da na kuɗi, amma da wuya ta gwada ko mutum ya iya jagorantar waɗanda ba ya gani. Kafin a ɗora jami'i a kan sashe, ya kamata a ji ta bakin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa: yana fayyace umarni, yana sauraro, yana raba dama daidai? Amsar waɗannan tambayoyi ce za ta nuna ko kuɗin da ake kashewa a kan kwamfutoci zai haifar da aiki.