Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Akwai wani zance da mutane suka daɗe suna yi game da hoton majigin nan na ƙasar Italiya mai suna Ladri di biciclette, watau Ɓarayin Keke, wanda aka fitar a shekarar 1948. Wai Vittorio De Sica ne ya ɗauki na'urarsa ya fita titin birnin Rum, ya tarar da talakawa suna harkarsu, ya ɗauke su yadda suke. Wannan zance ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai cin haƙƙin mutane, gama tana shafe gumin waɗanda suka yi aikin.

Ga labarin a taƙaice. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aiki ya yi wuya a Italiya. Wani magidanci, Antonio Ricci, ya sami aikin manna takardun talla a bango, amma da sharaɗin sai yana da keke. Kekensa kuwa yana wurin jingina. Matarsa ta kwashe zannuwan gadonsu ta jinginar, aka fanso keken. Ran da ya fara aiki ɓarawo ya sace shi. Shi da ɗansa Bruno suka shiga gari nema, har daga bisani talauci ya kai uban ga satar keken wani, aka kama shi a gaban idon ɗansa.

To, wa ya shirya wannan? Tushen labarin littafi ne na Luigi Bartolini, na 1946. Cesare Zavattini ne ya warware littafin ya sāke ɗinka shi, tare da De Sica da waɗansu marubuta, cikinsu har da mace, Suso Cecchi d'Amico. Carlo Montuori, wanda ya riƙe na'urar ɗaukar hoto tun zamanin da majigi bai iya magana ba, shi ya auna haske da inuwa a kowane lungu. Eraldo Da Roma ya zauna a ɗaki yana yanka hoton yana haɗawa, har ya zama labari mai kai da gindi. Alessandro Cicognini ya tsara kiɗan da ke karya zuciyar mai kallo. In aka cire ɗaya daga cikin waɗannan, abin da zai rage ba zai kai a yi masa sunan Ɓarayin Keke ba.

Masu cewa abin ya faru ne haka kawai, sai su dubi wurin da ruwan sama ya tsuge wa uba da ɗa a kasuwa. Ruwan nan ba daga gajimare ya sauko ba, 'yan kwana-kwana na birnin Rum aka kira suka yi ta fesawa. Cikin ɗaliban addinin Kirista da suka fake a jikin bango kusa da su akwai wani saurayi ɗan shekara 19 da ke taimakon ma'aikatan hoton, sunansa Sergio Leone. Shi ne ya zo ya shahara da hotunan kaboyi daga 1964. Ashe yaron aike na yau shi ne gwanin gobe, amma a ranar ba wanda ya kula da shi.

Wani zai ce, ai shugaba shi ke ɗaukar suna, domin in aiki ya ɓaci shi za a zaga. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. De Sica ya cancanci yabo. Wani attajirin masu majigi na Amurka, David Selznick, ya yarda zai ba da kuɗi in za a sa shahararren ɗan wasa Cary Grant ya zama Antonio. De Sica ya ƙi, ya nemi kuɗi ta wata hanya, ya ɗauko Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta wanda bai taɓa yin wasa ba. Ya ɗauko yaro Enzo Staiola daga cikin 'yan kallo a titi, ya kuma ba Lianella Carell, 'yar jarida, matsayin matar gida. Wannan ƙarfin hali ne. Amma yabon shugaba bai wajabta mantawa da mabiya ba. Sarkin magina ba ya hana a san wanda ya kwaɓa ƙasa.

Abin takaici ma shi ne ƙarshen Maggiorani. Hoton ya zaga duniya. A 1950 aka ba shi lambar girma ta Oska a Amurka, a 1952 kuma masana da wata mujallar Ingila ta tambaya suka zaɓe shi a kan ya fi kowane hoto da aka taɓa yi. Shi kuwa mutumin da fuskarsa ta sa duniya kuka, da ya koma masana'anta ba a daɗe ba aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya ɗan sami ƙananan wurare a waɗansu hotuna, amma bai sāke samun irin na farko ba har ya mutu a 1983. Wanda aka ɗauko don ya nuna wahalar rashin aiki, shi ne rashin aiki ya ci da gaske, alhali kuwa masu tafi suna can suna tafi.

Saboda haka wanda Allah ya ba shi ikon karatu, ko da girma ya koya, yana da wani nauyi a wuyansa. Rubutun nan da ke wucewa a allon majigi kafin wasa ko bayansa, wanda 'yan kallo ke ƙosawa da shi, sunayen ma'aikata ne. Da, yana da uzurin rashin sani. Yanzu da idonsa ya buɗe, ya kamata ya zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ko da harshensa zai sarƙe. Ladan ma'aikaci biyu ne, kuɗinsa da sunansa. Na farko yana hannun mai aiki. Na biyun yana hannun mai kallo, kuma ba ya cin ko kwabo.