Farantin Hasken Rana a Kan Mota Mai Ɗaki: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Waɗanda suka manyanta a Kano ko Damagaram za su tuna da waɗansu baƙi da a kan gani wajen shekarun 1970 zuwa 1980 da 'yan kai, watau Turawan nan masu ƙetaro Hamada ta Tamanrasset da Agadas cikin motoci masu gado da murhu a ciki. Su kan tsaya bayan gari su dafa abincinsu, su kwana cikin motar, in gari ya waye su wuce. Masu yawon buɗe ido sun daina bin wannan hanya saboda rashin zaman lafiya, amma al'adar tana nan a ƙasashensu, har ma ta ƙara ƙarfi. Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara gyara motocin Volkswagen yana sa musu gado da tebur, Winnebago kuma na Amurka ya fito da tasa mota mai ɗaki a 1966. Da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama sai kasuwar ta buɗe ƙwarai, har a 2021 kamfanonin Amurka suka fid da fiye da 600,000, in an haɗa da waɗanda a ke ɗaura wa wata mota ta ja.

To, wanda ya mai da mota gida lalle yana bukatar wutar lantarki, ta fitila da firji da famfon ruwa da cajin waya. Shi ya sa yanzu da wuya ka ga sabuwar mota mai ɗaki ba a yi wa mai sayenta tallan farantin hasken rana ba, wanda jama'a ke kira sola. Dillalai su kan ce a ɗora shi a kan rufi, shi ke nan an rabu da janareta, an rabu da biyan kuɗin wuta har abada. Ra'ayinmu shi ne wannan magana rabinta gaskiya ne, rabin kuwa da a ke ɓoyewa shi ya fi cin kuɗi. Farantin yana da amfani sosai ga wani irin matafiyi, ga wani kuwa kayan ado ne kawai, abin da zai raba su kuma lissafi ne wanda ɗan aji shida zai iya yi a kan allo.

Bari mu fara da ma'auni, gama nan a ke ruɗa mutane. Wat shi ne ƙarfin zubar wuta, kamar yadda za a ce indararo kaza ya fi kaza zubo da ruwa. In abu mai cin wat ɗaya ya yi awa ɗaya yana aiki, ya ci awo ɗaya ke nan, awo 1,000 kuwa su ne yunit ɗaya da mita ke ƙirgawa a gida. Faranti shi ne rufi da indararo, batir shi ne randa. Kome girman rufi, in randa ƙarama ce sauran ruwan ƙasa zai sha. Kome girman randa kuma, in ba a yi ruwa ba sai a kwana da ƙishi.

Sa'ad da aka rubuta wat 100 a bayan faranti, ba a nufin zai ba da wat 100 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. An auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantin kuma yana da sanyin digiri 25. A kan rufin mota, inda ya ke kwance ba ya bin rana, irin wannan faranti ya kan tara awo 400 zuwa 500 a yini mai kyau na lokacin zafi. Tsawonsa kamar mita ɗaya, faɗinsa rabin mita, rufin kuwa yana da tagogi da bututun iska, saboda haka matsakaiciyar mota ba ta cika ɗaukar fiye da uku ko huɗu ba. A ce mutum ya sa biyu. Ya sami awo 800 zuwa 1,000 ke nan. Ƙaramin firjin mota ya kan ci awo 300 zuwa 600 a yini, gwargwadon zafin gari. Fitilun zamani ba su cin kome, ƙila awo 50 duk dare. Cajin waya kamar awo 15, kwamfutar hannu kamar 60. In an tara duka, za a ga faranti biyu sun riƙe gidan har da ɗan saura, mutum ya yi mako a daji bai ta da inji ba. Nan dai dillali ya yi gaskiya.

Amma fa a kawo na'urar sanyaya ɗaki. Irin wadda a ke sawa a rufin waɗannan motoci tana cin wat 1,200 zuwa 1,500, watau abin da faranti biyu suka wuni suna tarawa za ta lashe shi kafin awa ɗaya ta cika. Haka butar lantarki da dutsen guga da murhun lantarki, dukansu maciya ne, sai dai su ba su daɗewa a kunne. Duk wanda ya sayi sola da niyyar ya kwana cikin sanyi har asuba, sai ya cika rufin da faranti, ya cika ƙarƙashin gado da batir, ya sayi babbar inbata, sa'an nan ma ya yi addu'a kada gari ya yi lumshi.

Tuƙa motar kanta da hasken rana kuwa, wannan har yanzu aikin gwaji ne. A 2021 ɗaliban jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan sun ƙera wata mota mai ɗaki da suka kira Stella Vita, wadda rufinta ke buɗewa kamar fukafukai in ta tsaya, suka kai ta har Tarifa a ƙarshen kudancin Sifen. Abin yabo ne ƙwarai, muna kuma fata malaman kimiyya su ba yara labarinsa. Amma mota ce mara nauyi da aka ƙera musamman, ba a kuwa sa ta kasuwa ba. Wani kamfanin Holan mai suna Lightyear da ya fara ƙera ƙaramar motar sola don sayarwa a ƙarshen 2022, cikin Janairu 2023 ya dakatar da aikin.

Babban abin da ke yanke hukunci shi ne yadda mutum ke tafiyarsa. A Turai da Amurka akwai zangon motoci iri iri, inda a ke biyan kuɗin kwana a jona waya a sami wuta kamar ta gida. Wanda ba ya kwana sai a irin wannan zango, me farantin zai yi masa? Har wa yau, wanda kullum yana kan hanya, yau nan gobe can, yana da wata rijiyar da bai kula da ita ba, watau dainamon motar. Da ɗan akwatin caji mai ƙarfin amfiya 30, tafiyar awa ɗaya ta kan zuba wa batir kusan awo 400, daidai da abin da faranti ɗaya ya wuni yana tarawa. In ya yi tafiyar awa uku randarsa ta cika, ko da rana ko babu. Wanda sola ta yi wa rana, in ji masu magana, shi ne mai kafa zango a wuri guda ya daɗe, nesa da waya. Irinsu ne ke taruwa dubbai kowane hunturu a Quartzsite cikin hamadar Arizona, a filayen gwamnati inda babu wuta. Su kam ba don farantin ba, sai janareta, shi kuwa ga shan mai, ga ƙara, ga hayaƙin da ke kashe mutane cikin barci in ya shiga ɗaki. A gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka ma doka ta hana damun mutane da ƙara daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Sa'an nan akwai maganar ƙasa da lokaci, wadda takardar talla ba ta faɗi. A Landan cikin Disamba yini bai kai awa takwas ba, rana kuwa ko da tsaka ba ta tashi sama da digiri 15 daga ƙasa, haskenta sai ya shafi farantin a kaikaice ya wuce. Abin da ya ba da awo 450 cikin Yuni, da ƙyar ya ba da 70 cikin Disamba, a daidai lokacin da dare ya yi tsawo, fitila da fankar na'urar ɗumama ɗaki suka fi aiki. Watau farantin ya fi rowa sa'ad da aka fi bukatarsa. Mai tafiyar hunturu a arewacin Turai da ya dogara gare shi kaɗai zai kwana cikin duhu.

Game da randar, batir irin na dā mai darma, wanda aka rubuta wa amfiya 100, yana ɗaukar awo 1,200, amma in a na son ya yi ƙarko rabi kaɗai a ke ɗiba, nauyinsa kuwa kilo 25 zuwa 30. Sabon irin na litiyam ya kan ba da kusan dukan abin da ke cikinsa, nauyinsa bai kai rabin na wancan ba, ya kuma fi shi daɗewa nesa, sai dai ya fi tsada, ba a kuma cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara. Nauyin nan ba ƙaramar magana ba ce gare su, domin a Ingila wanda ya sami lasin daga 1997 zuwa yau ba ya tuƙa motar mai da ta wuce kilo 3,500 sai ya yi wata jarrabawa. Kowane batir da aka ƙara, an rage tulun ruwa ke nan ko jakar kaya.

Ba mu ce farantin kansa yana da tsada ba. Sa'ad da masanan Bell a Amurka suka nuna na farko mai amfani a 1954, kashi 6 cikin 100 na hasken kaɗai ya ke juyawa wuta, tsadarsa kuwa sai tauraron ɗan Adam, irin Vanguard na 1958. Na yau ya wuce kashi 20, farashinsa kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, yawanci saboda masana'antun Sin. Inda kuɗin ke tafiya shi ne batir da inbata da akwatin daidaita caji da waya mai kauri da ladan mai haɗawa. Ladan nan kuma ba wurin tsumulmula ba ne, gama siririyar waya ba fis a cikin akwatin katako da mutane ke kwana ciki, gobara ce a ke kiwo. Mai saye ya tara waɗannan duka, ya raba da yawan kwanakin da ya san zai yi nesa da wuta a shekara. In kwana goma ne, gara ya biya kuɗin zango. In wata uku ne, ba ya ma bukatar shawararmu.

Mai karatu zai ce, mu da ba mu da irin waɗannan motoci, ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 farantan nan suka cika kasuwanninmu, maganar da dillalin Turai ke yi kuma ita namu ke yi. Ran da wata ma'aikata za ta so gyara motar rangadi, ko ta asibitin tafi-da-gidanka mai firjin allurar rigakafi, ko ta ɗakin karatu mai zaga ƙauyuka, akawu ne zai rubuta takardar saye, shi kuma za a tambaya in abin bai yi ba. Mun fi Turai sa'a nesa wajen rana, gama ko cikin Disamba ta kan tashi sama da digiri 50 a Kano, faranti a kwance ma yana samunta sosai. Amma muna da namu cikas guda biyu. Zafi yana rage ƙarfin faranti, kamar kashi ɗaya cikin 100 a kowane digiri uku da ya hau bisa 25, a rufin mota kuwa cikin bazara ya kan kai digiri 65, an yi hasarar wajen kashi 13 ke nan. Ƙurar hunturu kuma tana rufe rana a sama, ta kwanta a kan gilashin.

Akwai kuma wata damuwa da kowane direba zai gane. Hankali ya ce a ajiye mota ƙarƙashin darbejiya, faranti ya ce a ajiye ta tsakiyar rana. In an bi ta faranti motar ta zama tanda, firji ya ninka cinsa. In an bi ta hankali, ko inuwar reshe ɗaya ta faɗa kan gefen faranti sai wutar ta ragu fiye da girman inuwar, domin ƙwayoyinsa a jere su ke kamar tsakiya a zare. Waɗansu su kan sayi faranti mai naɗewa da doguwar waya, mota tana inuwa shi yana rana. Dabara ce mai kyau, muddin akwai mai zama kusa yana dubansa.

Saboda haka muna ba da shawara kada wata ma'aikata ta sa hannu a kan takardar da ta ce "sola wat kaza" kawai. A fara rubuta kowane abin da za a kunna, da wat nawa ya ke ci, da awa nawa zai yi a yini, a tara. A zaɓi batirin da zai riƙe wannan kwana biyu ba rana, sa'an nan a zaɓi farantin da zai cika shi, a haɗa da cajin dainamo tun da motar za ta yi tafiya. Kafin a biya kuɗi a sa mai sayarwa ya kafa farantin da tsakar rana ya auna shi da mita a gaban shaidu, domin ba kowane wat 300 da aka liƙa a baya ke kai 300 ba. A kuma rubuta cikin aikin direba ko yaron mota cewa kowace safiya ta hunturu zai hau ya goge gilashin da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, tun farantin bai ɗauki zafi ba.